Gawa ta 22: shawara nake nema kan labarin da nake rubutawa

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema kuma a gaya min gaskiya ko za ta min ɗaci. Wata huɗu kenan ina fama da wani labari, ba irin wanda kuka saba gani a wajena ba ne, babu kishiya babu uwar miji hhh. Labarin binciken kisan kai ne, kuma na kai shi Enugu a 1949 lokacin rikicin ma'aikatan kwal. Ga wanda bai sani ba, ranar Juma'a 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan Turawan mulki suka buɗe wuta a mahaƙar kwal ta Iva Valley, leburori 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. To ni a labarina da aka zo kwashe gawarwaki sai aka ƙirga 22. Ɗaya babu harsashi a jikinsa, sara ne a ƙeya, kuma ya riga ya sandare tun kafin a yi harbin, wato wani ne ya yi kisansa tun dare ya zo ya cusa a cikin na gwamnati. Mai bincikena kofur ne ɗan Arewa, Kofur Tanko. Na rubuta babi 9 na tsaya cak, duk sanda na buɗe sai in ji wani abu bai zauna ba amma na rasa mene ne.

Zee:
Wayyo Anti wlh tsigar jikina har ta tashi, gawa ta 22! Ni dai a fara sako mana kawai, me ake jira

Malam Isa:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Dabarar tana da kyau, ba zan ɓoye miki ba. Amma abin da bai zauna ɗin ba ai kofur ɗinki ne. Ki duba, a labarin bincike na yau da gobe ɗan sanda shi ne mai kawo gaskiya, mai karatu yana bayansa tun shafin farko. Nan kuwa 'yan sanda su ne suka yi ɓarnar da ta fi kowacce girma a littafin, da rana tsaka, a gaban kowa, kuma an san wanda ya ba da umarni, wani Bature babban sufuritanda mai suna Philip. To mutumin da ke sanye da kaki ɗaya da waɗanda suka kashe 21 shi ne zai zo yana leƙa ƙeyar mutum ɗaya yana cewa sai ya gano wanda ya yi? Wace mata ce a Coal Camp, unguwar ma'aikatan kwal, za ta buɗe masa ƙofa? An ba kura ajiyar nama kenan.

Maman Ilham:
Malam ai na yi tunanin wannan, shi ya sa na sa shi ranar ba ya wajen, yana bariki zazzaɓi ya kwantar da shi

Malam Isa:
Toh nan ne kika gudu. Kin wanke shi tas tun kafin ya yi datti.

Barista Hauwa:
Hhh Malam ba ka da dama. Amma gsky ne ƙanwata, zazzaɓin nan naki ne ba na Tanko ba, ke ce ba kya son a tsane shi. Ni kuma tawa matsalar daban ce, lambar nan ta 22. Mutum 21 ɗin nan ba ƙirƙira ba ne, suna da sunaye, suna da jikoki da ke raye yau a Ngwo da Udi da sauran ƙauyukan nan, kuma abin da ya rage musu a hannu kenan, lambar. Ke kin san masu karatunmu, in labari ya yi daɗi shi kenan ya zama tarihi, nan da shekara biyu za ki ga wani ya rubuta a Facebook cewa mutum 22 aka kashe a Enugu kuma ɗaya 'yan uwansa ne suka sare shi. Na biyun nan shi ya fi damuna. Kin ɗauki ranar da aka zalunci mutane kin dasa musu mai kisa a tsakiyarsu.

Sadik Mai Littafi:
Anti Barista da girmanki amma ban yarda ba. In haka ne ai ba wanda zai ƙara rubuta labari a kan wani abu da ya faru. Ƙagaggen labari sunansa ƙagagge, marubuci ba malamin tarihi ba ne, wanda ya kasa bambancewa matsalarsa ce. Kuma cewa duk leburorin nan waliyyai ne shi ma ai ƙarya ce, mutane ne, dubbai ne, akwai mai bashi akwai mai neman matar wani akwai mai kai rahoto ofis da daddare. In ta mayar da su duk salihai littafin zai zama takardar ta'aziyya ba labari ba

Barista Hauwa:
Ban ce ta mayar da su waliyyai ba Sadik, ka karanta da kyau. Cewa na yi kar ta taɓa tulin gawar. Ta kashe wanda take so a ko'ina cikin Enugu, gari ne guda, amma ba a kan wannan filin ba.

Abban Enugu:
Salam. Ni shekarata 16 a garin nan ina harkar hatsi, bari in sa baki. Abin nan ba tsohon zance ba ne a wajensu kamar yadda kuke ɗauka, akwai gunkin tunawa da ma'aikatan a shataletalen New Market, kullum ina wucewa. Garin ma kacokan kwal ne ya haife shi, har gobe Coal City suke ce masa. Hajiya in za ki rubuta ki rubuta da ladabi, don in aka fassara musu wata rana su ji cewa wata 'yar Awusa, haka suke kiranmu, ta ce kakanninsu sun kashe juna ranar, ba za su tsaya tambayar ko ƙagagge ba ne. Amma kuma kar wani ya ce miki ba ruwan ɗan Arewa da labarin Enugu. Magajin garin Enugu na farko ai namu ne, Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, fataucin shanu ya kawo shi, ya shiga jam'iyyar NCNC ta su Zik, wato Nnamdi Azikiwe, kuma mutanen garin suka zaɓe shi a shekarun 1950. Kenan a 1949 akwai mutanenmu a nan, mahauta da 'yan shanu da 'yan koli da ma'aikatan reluwe.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Alhaji, wlh ban san da zancen Umaru Altine ba sai yanzu. Kun ga irinta ko, shi ya sa na kawo nan

Malam Isa:
Tunda an zo nan bari in ɗan shimfiɗa yadda abin ya faro don in kin gane rigimar za ki ga inda mai kisanki zai fito da kansa ba sai kin ƙaƙalo shi ba. An gano kwal a yankin Udi a 1909, aka fara haƙa wajen 1915, aka ja layin dogo zuwa Fatakwal a 1916 saboda shi, ita kanta Fatakwal ɗin dalilin kwal aka gina tasharta. Iva Valley aka buɗe 1917. Kuma ki lura ba kamfanin wani attajiri ba ne, mahaƙar gwamnati ce, wato mai biyan albashi da mai 'yan sanda da mai kotu duk mutum ɗaya ne. A farkon lamari sarakunan da Bature ya naɗa su ke turo leburori, wanda ya fi suna Onyeama na Eke, suna cin nasu kason a kan guminsu, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Zuwa 1949 an yi yaƙin duniya an gama, kaya sun yi tsada, an yi babban yajin aikin 1945 na su Imoudu jagoran 'yan ƙwadago, kowa ya ga ashe ana iya tsayar da gwamnati. Ma'aikatan kwal suna da ƙungiyarsu, sakatarenta Okwudili Ojiyi, tsohon malamin makaranta ne mai baki. Abin da ya kunna wutar ariyas ne. Akwai wani tsari da ake yi musu, lebura ya zo aiki a ce yau ba sunanka koma gida, ba aiki ba kuɗi, su kuma suka tsaya a kan cewa suna bin kuɗin waɗannan ranaku kuma an danne. Ba su fita yajin aiki irin na a kulle ƙofa ba, sai suka shiga jan ƙafa, a zo aiki amma abin da ake sara a awa ɗaya a yi shi a wuni. Wannan shi Bature ke kira gosulo, kalmar da mu yanzu muka mayar ta cunkoson motoci. Hukuma ta kori masu saran kwal da yawa, su kuma suka ce ba inda za su, suka zauna a cikin ramin. Matansu ma sun fito sun yi zanga-zanga a ofis. Sai tsoro ya kama Turawa saboda akwai nakiyar fasa dutse a ma'ajiyar mahaƙar, kuma ga 'yan Zikist, matasa masu ra'ayin Zik, suna ta zafafan maganganu a ƙasa, suka ce kar nakiya ta faɗa hannun 'yan siyasa. Aka turo 'yan sanda su kwashe. Su kuma leburori suka fahimci cewa in aka kwashe nakiya to rufe mahaƙar za a yi a bar su da yunwa. Kin ga kowa tsoron kowa yake. A nan aka yi harbin, mutanen da ba su da bindiga ko ɗaya.

Zee:
Innalillahi. To Malam shi Baturen me aka yi masa?

Malam Isa:
Gwamna Macpherson ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin wani alƙali Fitzgerald, da alƙalai biyu 'yan Afirka a ciki, ɗaya Ademola wanda daga baya ya zama alƙalin alƙalan Najeriya. Rahoto ya fito 1950, suka ce Philip ya yi kuskuren yanke shawara. Kuskure fa. Ba a gurfanar da shi ba. Shi Ojiyi ma sai da rahoton ya ɗora masa nasa kason laifin. Kafin nan kuwa tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Onica da Kalaba, 'yan siyasar Legas da ba sa ga maciji suka haɗu a kwamiti ɗaya na ɗan lokaci.

Barista Hauwa:
Kun ji ko. Shari'ar da aka san mai laifi, aka san shaidu, aka rubuta rahoto, aka tashi ba hukunci. Shi ya sa nake ganin labarin bincike a irin wannan wuri yana da wuyar sha'ani, don shi ginshiƙinsa a ƙarshe a kama mai laifi hankalin mai karatu ya kwanta. Nan in Tanko ya kama nasa mutum ɗaya aka rataye, mai karatu mai hankali zai ce to sauran 21 fa?

Sadik Mai Littafi:
Ai wannan tambayar ita ce littafin Anti! Ba aibinsa ba ce ita ce ribarsa. Ni da ma irin wanda ake gamawa komai ya daidaita an kama ɓarawo an yi biki ya ishe ni

Musbahu:
Ku yi haƙuri in ɗan fita da ku waje kaɗan. Wannan matsalar ta ɗan sandan ciki a rikicin kwal ba a Enugu aka fara ta ba. A Amurka, jihar Pennsylvania, shekarun 1870, akwai leburorin kwal 'yan asalin Ireland da ake zargin suna da ƙungiyar asiri mai suna Molly Maguires, wai su ke kashe manyan ma'aikatan kamfani. Shugaban kamfanin jirgin ƙasa da kwal na yankin, Franklin Gowen, ya ɗauko hayar kamfanin bincike na Pinkerton, suka turo wani James McParland ya sauya suna ya shiga cikinsu sama da shekara biyu yana ci da su yana sha da su. Bayan bincikensa aka rataye mutum 20, goma a rana ɗaya a watan Yuni 1877. Abin da zai ba ku mamaki shi Gowen ɗin da kansa ya tsaya a kotu a matsayin mai gabatar da ƙara. Kamfani ya yi bincike, 'yan sandan kamfani suka yi kame, mai kamfani ya yi shari'a, gwamnati igiya kawai ta bayar. Har yau ana musu ko McParland gwarzo ne ko munafuki. Abin da nake so in ce, a tarihin kwal mai bincike kusan kullum yaron mai gida ne, wanda ya biya shi shi ke da gaskiyar da ya tono. In Maman Ilham ta rubuta Tanko kamar wani mai zaman kansa da ba wanda ke juya shi to ta yi wa zamanin ƙarya.

Maman Ilham:
Kai Musbahu ka ƙara rikita ni wlh. To in cire shi kenan? In sa wa? Na yi tunanin akawu ko tafinta, ko ma wata mata mai sayar da abinci a bakin mahaƙar tunda ita kowa na magana a gabanta

Zee:
A'a Anti kar ki cire min Tanko dan Allah, ni har na fara sonsa ban ma karanta ba. Ki bar shi ki sa mai abincin ma, sai su haɗu 🙈

Malam Isa:
Zee ke dai ba kya wuce wajen. Maman Ilham kar ki cire shi, ki tashe shi daga zazzaɓin nan ki kai shi filin ki ba shi bindiga. Ba abin mamaki ba ne ɗan Arewa a wannan kakin, tun ƙarni na 19 Turawa ke ɗibar mutanenmu aikin ɗamara a Legas har rundunar ana kiranta da sunan Hausa, kuma tun 1930 'yan sandan Kudu da na Arewa suka zama runduna ɗaya, ana iya jefa mutum ko'ina. Dabara ce tsohuwa, a kai ka inda ba ka jin yare ba ka da ɗan uwa don in an ce harba ba za ka ga fuskar kawunka ba. Ki sa ya harba. Ko ki sa shi kansa bai tabbata ba ko harsashinsa ya sami wani, ya dai ja kunama ido a rufe. Daga nan duk tambayar da zai yi wa wani a littafin kansa yake yi wa.

Barista Hauwa:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Saura gawar.

Jikan Fayaman:
Assalamu alaikum, tun ɗazu ina karantawa ban yi magana ba. Ni ba marubuci ba ne amma kakana fayaman ne a jirgin ƙasa, shi ke zuba kwal a wutar inji, a Kafanchan ya yi yawancin aikinsa, kuma mun tashi muna jin labarin kwal ɗin Enugu a bakinsa don da shi jiragen ke tafiya kafin zuwan na dizal. Ya ce in an kawo taragun kwal loko, wato wurin ajiye injinan jirgi, sai an sa leburori da shebur su sauke, kuma ba abin da ba sa tsinta a ciki, tsohon takalmi, guntun katako, mataccen maciji. To Hajiya me zai hana gawar taki ta hau jirgi? Kar a same ta a Iva Valley sam. A same ta a Kafanchan bayan kwana uku ko huɗu, a ƙarƙashin kwal, lokacin da ake saukewa. Layin ai ɗaya ne, daga Enugu ya haye gadar Makurɗi ya zo Kafanchan ya wuce Kaduna ko ya hau Jos wajen masu haƙar kuza. Kin ga ba ki taɓa 21 ɗin Barista ba, suna nan yadda suke, kuma kin sami dalilin da ɗan Arewa zai shigo maganar ba tare da an jawo shi da igiya ba, tunda a ƙasarmu gawar ta sauka.

Maman Ilham:
Allahu akbar. Yaya tsaya tsaya ina rubutawa

Sadik Mai Littafi:
Tab, wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba, na janye rabin maganata. Kuma ku duba wani abu, tunda ana jan ƙafa kwal kaɗan ke fita, taragun da aka cika a makon ba su da yawa, kenan in ya bi takardun reluwe zai iya gane ranar da aka loda wannan taragon da kuma daga wace mahaƙa. Lambar tarago ita ce shaidarsa ta farko. In ya gano an loda shi kafin Juma'a to mutumin ba harbin ne ya ci shi ba

Barista Hauwa:
Yanzu kam ba ni da ƙorafi a kan gawar. Sunan littafin ma ki bar shi, Gawa ta 22, ya zama abin da jita-jita ke kiranta a gari, mutane na cewa Turawa sun ɓoye wata gawa a jirgi, alhali gaskiyar ta fi haka muni ko ta fi haka ƙanƙanta. Amma ga inda zan matsa miki a matsayina na mai aikin kotu. Kwamitin bincike na tafe, Turawa na neman duk abin da zai nuna leburorin nan masu tashin hankali ne don harbin ya sami hujja. Ranar da Tanko ya ce wa ogansa ga gawar wani akawu ko wani mai kai rahoto kuma alamu sun nuna ɗan ƙungiya ne ya sare shi, wlh ya ba su kyautar da ba su taɓa mafarki ba. Gaskiyarsa za ta zama sabulun wanke Philip. In kuma ya yi shiru ya bar mai kisa ya sha, uwar mamacin tana nan tana jiran ɗanta. Ki sa shi a wannan tsakiyar ki ƙi ba shi hanyar fita mai sauƙi.

Musbahu:
Abin da nake nufi kenan ɗazu Anti ta faɗe shi fiye da ni. Ba gano mai laifi ne wahalar ba, wa za ka miƙa wa sunan.

Abban Enugu:
Wani gyara kaɗan Hajiya tunda na ga ana cewa rami. Kar ki rubuta suna shiga wani keji ana zura su ƙasa kamar guga a rijiya irin na finafinan Turawa. Na nan a gefen tsauni suke, bakin yana jikin dutsen ne ka shiga da ƙafarka kamar kogo ka yi ta tafiya ciki, taragu ƙanana na bin ɗan layin dogo ana turo su waje. Na je wajen da yaran shagona, duk daji ya cinye, ruwa na fitowa daga ciki. Kuma garin ba shimfiɗaɗɗe ba ne irin Kano, hawa da gangara ne, ƙasar ja, in kofur ɗinki Bakano ne sai ya yi haki

Maman Ilham:
Kash, babi na 2 gaba ɗaya a cikin kejin nan na yi shi, har da igiya na ƙara 😭 Na gode Alhaji gara da ka faɗa yanzu

Malam Isa:
Ƙari a kan na Alhaji, kar ki yi musu kuɗin goro ki ce leburori kawai. Aikin hawa-hawa ne. Akwai masu sara da diga su ne 'yan gaba kuma su aka kora, akwai masu tura taragu, akwai masu kafa katako don kar rufin ya rufto, sannan a waje ga akawuna da masu sana'ar hannu. Kuma akwai tsohuwar ɓaraka tsakanin 'yan ƙasa na ƙauyukan kewaye, waɗanda ke tahowa daga gida su koma gona, da baƙi daga wajen Onica da Owerri da suka fi boko suka fi samun aikin ofis suna zaune a gari. Duk Ibo ne a idon Tanko ranar da ya sauka, sai a hankali zai gane ba ɗaya ba ne, kuma wannan jahilcin nasa zai yi miki amfani don mai karatunki Bahaushe shi ma haka yake, tare za su koya. Sannan mai sara da yawan taragun da ya cika ake lissafa masa, to duk wanda ke riƙe da littafin ƙirga yana riƙe da cikin mutane. In kina neman wanda za a sara a ƙeya a 1949 ki nemi mai wannan littafin.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma muna da kwal can arewa wajen Tchirozérine kusa da Agadas, da shi ake ba ma'adinan uranium na Arlit wuta, amma ban taɓa ganin wanda ya yi labari a kai ba. Ina biye da ku, in littafin ya fito a turo mana

Sadik Mai Littafi:
Ni tambayata ɗaya, me ya sa sai Enugu? Ga Jos nan kusa, lokacin yaƙin duniya daga 1942 zuwa 1944 an kwashi talakawan Arewa na tilas zuwa haƙar kuza, diban gwamna, sanyi da yunwa da cuta suka kashe mutane da yawa kuma namu ne, yarenmu, ba mai cewa kin shiga gonar wani

Maman Ilham:
Sadik na sani, kakar mijina ma tana ba da labarin diban gwamna, kuma wata rana in sha Allah. Amma a Jos mu aka zalunta, rubuta wannan ba wuya, kowa zai yi kuka ya tafa min. A Enugu kuwa mutumina yana ɓangaren masu bindiga, abin da ya ja ni kenan tun farko ashe, sai kuma na tsorata na kwantar da shi zazzaɓi. Malam ya kama ni dumu-dumu

Jikan Fayaman:
Ki ma iya haɗawa ai, ki sa uban Tanko ko wansa ya tafi diban gwamna bai dawo ba, shi kuma ya shiga ɗan sanda don kar a ɗebe shi. Ya san warin ramin tun kafin ya zo

Malam Isa:
Wannan kam a yi hattara, kar ya zama wani zazzaɓin. In kin ba shi maraici don mu tausaya masa mu manta ya harba, kin koma gidan jiya. Ki ambata sau ɗaya ki wuce.

Barista Hauwa:
Kuma dan Allah mutanen gaske irin su Philip da Ojiyi kar ki sa musu magana a baki wadda ba su faɗa ba, a hango su daga nesa kawai, mota ta wuce, murya daga cikin ofis. Waɗanda kika ƙirƙira ki yi yadda kika ga dama da su. Sunayen mamatan 21 kuma kar ki ara ko ɗaya.

Zee:
To ni dai ba wanda ya amsa min maganar mai abinci

Maman Ilham:
Hhh Zee tana nan, amma ba yadda kike so ba, mijinta na cikin waɗanda aka harba kuma ita kaɗai ta ga wanda ya tura taragon da daddare. Ita ba ta jin Hausa shi ba ya jin Ibo, sai wani yaron mahauta ya riƙa yi musu tafinta yana rage abin da ya ga dama. Ki ce min ta yaya soyayya za ta shiga nan. Jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, babi 9 sun koma 3, sauran na watsar. Yaya Jikan Fayaman zan biyo ka ta akwati in ba damuwa, ina so in san mutum nawa ke sauke tarago ɗaya da kuma wa ake fara kira in an ga abu irin wannan a loko, ɗan sandan reluwe ko na En'e.

Jikan Fayaman:
Ba damuwa Hajiya, amma sai gobe bayan azahar, zan je wajen baffana shi ya fi ni riƙe labaran tsohon, da shi ake kai masa abinci loko yana yaro.

Abban Enugu:
Ni ma gobe in na fita kasuwa zan tsaya a shataletalen in ɗauko miki hoton gunkin, ki ga irin kayan aikin da ke hannunsu.